Sabulun Dada da Raƙuma Biyu

Birnin Kudu, 10 ga Muharram, 1315

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Daga Barau, ɗan aikin marina a Birnin Kudu, zuwa ga taubashiyata Batulu mai sabulu a Gwaram. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina lafiyarki, da ta maigidanki, da ta yara? Mu nan ƙalau. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, hannuwana kuwa sun yi shuɗi da baba har yara suna gudu in na miƙa musu gyaɗa.

Bayan haka, baiwata. Kada ki ɓata rai da sunan, kakana namiji ne, kakarki Dada ƙanwarsa ce, ba ni na tsara haka ba. Yau Cika-ciki, na duba ƙofar ɗakina ban ga kin zo shara ba.

Ɗan'azumi mai jaki ya kawo mini curin sabulu uku da saƙonki na baka. Ya ce Sada falke ya dawo daga Lokoja da akwatin farin sabulun Nasara mai ƙanshi, yana yawo a kasuwa yana cewa nasa ne sabulu, naki dunƙulen toka ne kawai. Ya ce har kin daina cin tuwo. To ki ci tuwonki, na bincika miki.

Na je wurin wani babban malami da ake kira Mai Rawani Bakwai. Yana da littafi wanda sai raƙuma biyu ke ɗauka, ɗaya ya ɗauki farko, ɗaya ya ɗauki ƙarshe. Ga abin da ke ciki. A zamanin ƙuruciyar Dada, wani Balarabe ya sauka Gwaram da dattin hanyar wata uku a jikinsa, har karnuka suna binsa. Dada ta ji tausayinsa ta ba shi curi ɗaya. Ya yi wanka, ya fito, abokan tafiyarsa ba su gane shi ba, suka hana shi hawa raƙuminsa. Ya tambayi Dada sunan wannan abu, ta ce sabulu, ita ta raɗa masa a nan take. Balarabe ya kai sunan Tarabulus, daga can ya haye Istambul, daga can Nasara suka sata. Kafin Dada duniya duk da yashi take wanka.

Ki gaida Sada, ki ce ubangidanki ya ce ya zo ya durƙusa a gindin tsamiyar da kike kasa kayanki.

Ki ƙaro sabulu, wanda kika aiko ɓera ya ci rabin guda, yanzu shi ne ɓera mafi tsabta a garin nan. Wassalam.

Gwaram, 18 ga Muharram

Daga Batulu zuwa ga Barau, da hannun Malam Datti, domin ni ba na rubutu. Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori.

Bayan haka, ubangidan da bai mallaki ko tsintsiya ba, yau kam ka yi abin kirki. Allah ya yi maka albarka. Takardarka ta same ni jiya a kasuwa. Da na ga ka buɗe da Bismillah, ka yi wasulla da jar tawada irin ta littattafai, na san ba shirmenka na kullum ba ne. Na kira Malam Datti ya tsaya a gindin tsamiya ya karanta da ƙarfi. Ya tsallake wajen shara da wajen ɓera, ya karanta tsakiya. Mutane sun taru har masu awo sun bar mudunsu. Na yi kuka da aka ambaci Dada.

Sada ya zo ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Batulu, kin tsaya a kan wannan magana?” Na ce na tsaya. Ya ce to mu je gaban Sarkin Kasuwa. A can ya ce idan gaskiya ne zai kwashe akwatinsa ya bar garin, idan kuwa ƙarya ce, in tashi daga gindin tsamiya in koma bayan kasuwa kusa da mahauta, inda masu toka da kanwa ke zama, shi ya shimfiɗa kayansa a wurina. Ka san wurin nan Dada ta zauna, Inna ta zauna, ni ce ta uku. Duk wanda ya shigo kasuwa ni yake fara gani. Na amsa, don na san abin da na taka.

Sarkin Kasuwa ya ba da kasuwa uku. Ranar ta ukun, takwas ga Safar, yana son ya ga shaida. Saboda haka ka roƙi Mai Rawani Bakwai ya zo. In tsufa ya hana shi, ya aiko da littafin. In raƙuma biyu sun yi wuya, ɗaya ma ya isa, amma ka tabbata wanda ke ɗauke da wajen Dada ne. Na ware harawa.

Ni Datti mai rubutu ina ƙarawa: na yi shekara talatin ina neman ilmi ban ji sunan wannan malami ba. Ka gaishe shi, ina ɗokin ganinsa.

Birnin Kudu, 20 ga Muharram

Daga Barau zuwa ga Yaya Batulu. Gaisuwa. Allah ya ba ƙaramin lafiya.

Yaya, ki sa Malam Datti ya karanta wannan a cikin zaure, ku biyu kawai.

Babu malami. Babu littafi. Babu raƙumi ko ɗaya. Ranar Cika-ciki ce, ke taubashiyata ce, na yi miki abin da nake yi miki tun ina yaro. Kin tuna shekarar da na ce miki an haifi ɗan akuya mai karatu a Yalwan Damai? Kin dube ni kika ga bakina yana rawa, kika bi ni da muciya. Na manta takarda ba ta da bakin da zai yi rawa. Jar tawadar kuwa ta wani almajirin malaminmu ce da ya bari a zaure, na ga ta yi kyau na shafa. Rawani bakwai fa, Yaya. Wane wuya zai ɗauka?

Ki je wurin Sarkin Kasuwa tun da sauran kwanaki, ki ce yaron banza ne ya yi wasan taubasai, a warware maganar. Ki zage ni yadda kika ga dama, na ji na ɗauka. Amma kada ki jira raƙumi.

Na ba Ɗan'azumi wannan, ya ce zai bi ta garin Sara ya sauke gishiri, jibi yana wurinki.

Gwaram, 26 ga Muharram

Daga Batulu zuwa ga Barau, da hannun Malam Datti. Gaisuwa. Haƙorin ya fito, mun samu barci.

Kasuwa ɗaya ta wuce ban ji daga gare ka ba. Ɗan'azumi ma ba a gan shi ba. Na ce wa mutane shirun nan na shiri ne, ɗora littafi irin wannan a kan raƙumi ba aikin yini ɗaya ba ne. Yara kullum suna hawa ganuwa suna duban hanyar Birnin Kudu. Shekaranjiya wani Buzu ya shigo da raƙumi ɗaya, rabin gari ya bi shi har masauki, ashe kanwa ya kawo.

Sada ya zo ya auna inuwar tsamiya da taku a gabana. Ya ce, “Uwar sabulun duniya, ina kwana? Tabarmata za ta shiga nan daidai.” Na ce masa ya auna hanyar Lokoja ma, zai buƙace ta.

Maigidana ya fara yi mini wani irin kallo. Ya ce shi dai ya san ka. Na ce ya san ka da baki, bai san ka da alƙalami ba.

Na ba wani mai kiwo da zai bi ta wajenku wannan takarda. Ka amsa ko da layi biyu ne. Raƙuman ɗanyar harawa suke ci ko busasshiya?

Birnin Kudu, 2 ga Safar

Daga Barau zuwa ga Yaya Batulu. Gaisuwa da neman gafara. A karanta wannan a zaure.

Takardarki ta nuna mini ba ki sami tawa ba. Na bincika, Ɗan'azumi yana kwance a Sara, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, takardar tana cikin hularsa. Abin da ke cikinta gajere ne: ƙarya na yi, wasan Cika-ciki ne, babu malami, babu littafi, babu raƙuma. Ki ba akuyarki harawar.

Yanzu ki sha ruwa, ki gama zagina, sannan Malam ya ci gaba, domin ban zo hannu wofi ba.

Dattijon da ya miƙo miki wannan takarda sunansa Baba Manu. Ki shimfiɗa masa tabarma mai kyau, ba ya cin yaji. Shekara tara ya yi a Lokoja yana wanki a gidan wani Banasare ɗan Ingilishi. Kwana uku na yi ina bin duk wanda ya taɓa zuwa bakin babban kogi ina tambayarsa sabulu, har aka fara cewa baban rini ya taɓa mini kai, sannan aka nuna mini gidansa.

Ya ce ubangidan nasa ba ciniki ya dame shi ba, aikinsa tara kalmominmu a littafi. Ya nuna tsintsiya ya ce mene ne, ya nuna kaza ya ce mene ne. Wata rana ya sami Baba Manu a bakin wanki ya nuna curin da ke hannunsa. Baba ya ce sabulu. Mutumin nan ya sa shi ya maimaita sau uku, ya shiga ɗaki da sauri ya fito da wani littafi, yana dariya shi kaɗai. Ya ce, “Manu, wannan ɗan'uwanmu ne da ya ɓata.”

Ga yadda ya warware masa. Su Ingilishi suna cewa sop. Kakanninsu na kusa suna cewa sape. Kakannin kakanninsu, mutanen wasu dazuzzuka masu sanyi can arewacin ƙasar Rum, suna faɗin wani abu kamar saipo. Rumawa suka je yaƙi da ciniki wurinsu, suka ji sunan, suka mai da shi sapo. Yunanawa suka karɓa suka ce sapon. Daga nan ya gangara Sham, Larabawa suka ce sabun, wannan kam Malam Datti zai shaida. Larabawa suka ɗoro shi a raƙumi suka ƙetaro Sahara, mu muka sa masa riga irin tamu muka ce sabulu. Kin ga dai akwai raƙumi a maganar, juya shi kawai na yi ya fuskanci arewa.

Ashe sop da sabulu taubasai ne kamar ni da ke. Ɗaya ya zauna gida ya rame, ɗaya ya yi yawon duniya ya yi ƙiba.

Na san abin da kike cewa yanzu: wannan yaro ya aiko mini da shaidar Sada. Haka na ce nima, har na tashi zan tafi. Sai na tambayi Baba Manu, to shi abin da suka raɗa wa sunan, fari ne mai ƙanshi a cikin akwati? Ya ce ina. Banasaren ya karanta masa maganar wani malamin Rum na kusan shekara dubu da ɗari takwas da suka wuce. Ya rubuta cewa mutanen nan kitsen akuya suke haɗawa da toka. Kuma da fari ba don wanki ba, gashi suke shafawa ya yi ja, mazansu ma sun fi matansu yi.

Toka da kitse, Yaya. Abin da kike tsiyayewa a tukunya mai huji, ki dafa, ki tuƙa har kafaɗa ta yi ciwo. Sada ya ce dunƙulen toka bai cancanci sunan ba, alhali dunƙulen toka aka yi wa zanen suna. A nan za ki tsaya, ƙasa ce mai ƙarfi, na taka na ji.

Amma sai kin fara faɗin gaskiya da bakinki kafin Sada ya faɗa. Wannan ne mai ɗaci, kuma ni na jiƙa miki shi.

Ni ba zan zo ba. Baba Manu ya ce ba zai bar gonarsa a tsakiyar noma ba sai an riƙe masa, na ce na riƙe. Da safe ina gonarsa, da azahar ina marina, har ya dawo. Kada ki ce tsoron muciya ne. Akwai shi kaɗan.

Gwaram, 9 ga Safar

Daga Batulu zuwa ga Barau, da hannun Malam Datti. Gaisuwa, don Musulunci ya ce a yi.

An karanta mini takardarka. Ba tsamiya ce ta fi ci mini rai ba. Ka sa na tsaya gaban jama'a na yi wa Dada ƙarya, tana kabari ba ta da bakin cewa ba haka ba ne. Matar da ko mudu ba ta taɓa tauyewa ba. Wannan ka riƙe shi, ba na wasa ba ne.

Jiya aka taru. Ban taɓa ganin kasuwa ta cika haka ba, har daga Maruta an zo kallon raƙuma. Sarkin Kasuwa ya ce ina shaida. Na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, babu littafi. Taubashina ne ya yi mini wasan Cika-ciki a rubuce, na ɗauka gaskiya ne. Dada ba ta raɗa wa sabulu suna ba, koya ta yi wurin uwarta kamar kowa.” Aka yi dariya har wani ya zauna a kan ƙwaryar nono. Na tsaya har suka gama. Sada ya sa an ɗauko tabarmarsa.

Na ce ina da baƙo, a ji shi. Baba Manu ya faɗi duk abin da ka rubuta, ya fi ka iya faɗa. Da ya kai wajen sabun, Malam Datti ya ce haka ne. Da ya ce asalin sunan na kakannin Nasara ne, Sada ya ce, “Madalla da wannan dattijo, Batulu ta hutar da ni, ta kawo mini shaida har gida.”

Sarkin Kasuwa ya ce, “Dakata. Baba, da me suke yin nasu a wancan zamani?” Ya ce toka da kitsen akuya. Sarkin Kasuwa ya juyo ya ce, “Batulu, da me kike yin naki?” Na ce tokar karan dawa da kitse, in an samu na akuya, in ba a samu ba na saniya, kuma ga mahaucin da nake saye wurinsa tsaye. Ya ce, “Sada, naka fa?” Sada ya ce nasa daga jirgi aka sauke shi. Sarkin Kasuwa ya ce ba hanyarsa na tambaya ba, cikinsa na tambaya. Sada ya ce yana da ƙanshi. Sai Sarkin Fawa ya ce daga baya, “Kitsen wace dabba ce, kuma wa ya yanka?” Sada ya juya curin a hannu yana dubawa kamar zai ga amsar a jiki.

Baba Manu ya ƙara da abin da bai gaya maka ba. Ya ce akwai shekara biyu da farin sabulun gidan Banasaren ke ƙarewa kafin jirgi ya iso, sai ya shiga kasuwa ya sayo baƙi irin nawa ya wanke rigunan. Mutumin bai taɓa ganewa ba, har yabon farin kayan yake yi.

Sarkin Kasuwa ya ce sharaɗi dai na faɗi, tunda ƙarya ce, amma shi a kan me aka kafa sharaɗin? A kan cewa toka ba sabulu ba ce, kuma wannan ya rushe. Ya ce ba zai tashi mai abin da aka raɗa wa suna don ya zaunar da wanda bai san cikin kayansa ba. Ni in zauna inda nake, Sada ya sayar da nasa a layin masu turare. Amma ya ce in ba Malam Datti haƙuri a bainar jama'a, na ba shi. Yanzu kuma sunana a garin nan Mai Raƙuma Biyu, har yarana ake kira da shi. Wannan kyautarka ce, zan sa ta har in mutu.

Baba Manu zai taso gobe. Na ba shi sabulu goma nasa. Akwai kuma ƙaramin curi ɗaya a cikin ganye, naka ne. Baba ya kwatanta mini yadda mutanen dā ke haɗa na gashi, na gwada, ya yi. Na ji an ce ka fara tsirar gemu. Ka shafa da kauri bayan sallar asuba, kada ka wanke sai hantsi, zai yi ja fiye da lalle. Ba kowa na yi wa ba.

Ni Datti mai rubutu ina ƙarawa: abin da aka faɗa mini shi na rubuta.

Birnin Kudu, 15 ga Safar

Daga Barau zuwa ga Yaya Batulu, mai gindin tsamiya. Gaisuwa mai yawa. Alhamdu lillahi da abin da na ji.

Baba Manu ya iso lafiya, ya sami gonarsa babu ciyawa ko ɗaya. Ya ce na fi dacewa da fartanya a kan alƙalami.

Maganar Dada na riƙe. Ran Juma'a na yi mata sadakar waina, na sa malaminmu ya yi addu'a. In an yanke gero zan zo in tsaya a gindin tsamiya in faɗa da bakina cewa ni ne, kowa ya ga fuskar maƙaryacin. Zan kuma tuƙa miki tukunya uku.

Sai maganar curin cikin ganye. Na ga takarda da hannun Malam Datti, mutum mai shekara talatin a neman ilmi, na ce wannan ba wasa. Na shafa da kauri. Ban kai hantsi ba, rana tana ɗagowa na faɗa kwatarniyar ruwan marina da kai. Ruwan toka nawa kika zuba, Yaya? Gashi goma sha ɗaya gare ni, na san su ɗaya bayan ɗaya, wata biyar ina kiwonsu. Babu ko ɗaya. Ja kuwa an yi ja, haɓar ce ta yi. Baba Manu ya ce shi bai kwatanta miki komai ba, ya yi dariya har ya ƙware.

Na karɓa, mun yi daidai. Ki aiko mini da man kaɗanya, da sabulu irin na mutane.

Ki gaida Malam Datti, ki ce masa ya duba da kyau: wannan takarda babu jar tawada a cikinta, kuma duk abin da ke ciki gaskiya ne.